Guntun Noti a Kan Injin Babur

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, Ya yi wa sana'arka albarka, duk da ba ni na koya maka ita ba. Ƙanwarka Auta ce ke rubutawa ina faɗa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Gwaggonka ta warke daga ciwon ido. Auta na nan da cikinta wata bakwai. Mahaifiyarka ce ba lafiya, kuma saboda ita na sauke kai na nemi takarda, bayan shekara shida ba na jin labarinka sai ta bakin mata.

Ciwon sukari ya fito mata da gyambo a ƙafar dama. Asibiti sun ce a riƙa kawo ta wanki duk bayan kwana biyu, nas kuma ta faɗa mini ido da ido cewa in aka yi wasa, yankewa za a yi. Tun da ruwa ya cinye gadarmu mota ba ta shigowa, a babur ɗina nake kai ta. Na ƙera mata mataki a gefe, na naɗe shi da tsumma, nan take ɗora ƙafar, ni kuma na san kowane rami a hanyar. Sau ɗaya ta hau bayan ɗan haya, ya afka rami da ita, gyambon ya kwana yana jini. Ta rantse ba ta ƙara hawa bayan kowa.

Talata waccan salansa ta fara huci ta wuya, daidai inda bututun ya haɗu da kan inji. Noti biyu ke riƙe da ita, duk tsatsa ta ci su. Na sa wa na farko sifana, ya ƙi motsi. Na zura guntun fayif a sifanar na danna, sai ga kan notin a hannuna kamar busasshen kara. Na ce ai wannan dama ruɓaɓɓe ne, na koma kan na biyu. Shi ma ya karye, kuma can ciki ya karye. Na farkon mai walda ya liƙa masa wani noti a kai, ya juya shi ya fito. Na biyun babu abin kamawa. Bakanike ya ce a jiƙa shi da man birki kwana biyu, sannan a huda tsakiyarsa a hankali. Na ce masa shekara hamsin ina dukan ƙarfe a maƙera, ba wanda aka haifa a gabana zai gaya mini yadda ƙarfe ke saki ba. Wuta yake so.

Na ari wutar gas ɗin mai walda na gasa guntun har ya yi ja. To a nan na yi abin da ya hana ni sukuni. Hannuna ya kai ga gwangwanin ruwa kafin hankalina ya iso, na kwara masa, yadda nake yi wa bakin fartanya in ina so ya yi tauri. Ya kuwa yi tauri. Bakin injin huda uku bakanike ya kashe a kansa, ko gezau. Sai zamewa yake yana cin alminiyan ɗin gefe, ramin har ya fara karkacewa. Ya ajiye kayansa ya ce in aka ƙara zamewa sau ɗaya kan injin ya tashi aiki, irinsa kuwa an daina kawowa. Yana dariya ya ce na ƙera fartanya mai kyau, wuri ne kawai na kuskure.

Na gwada ɗaure salansar da noti ɗaya da waya. Ko ƙofar gida ba mu bari ba wuta ta fara tsartuwa ta wuyan, daidai wajen ƙafarta, har tsumman matakin ya babbake. Na sauke ta. Wanki biyu ya wuce mu. Na uku maƙwabta suka tura ta a amalanke, awa huɗu zuwa da dawowa cikin rana, ta dawo da zazzaɓi. Yanzu in ka shiga ɗakinta akwai wari. Auta na wankewa da ruwan gishiri tana kawar da kai don kada uwar ta ga fuskarta. Nas ta ce in mako ya zagayo ba a koma wankin yadda aka saba ba, likita zai yi nasa.

Kada ka ɗauka na manta ranar da ka tsaya a bakin maƙera, gaban mutane, ka ce zamanin zugazugi ya wuce. Ban manta ba, kuma har gobe ban ce ka yi daidai ba. Ɗan da ya san ciwon ubansa a ɗaki yake faɗa masa irin wannan. Amma Auta ta ce a wurin aikinku kuna da bakin huda mai cin ƙarfen da ya yi tauri, kuma fitar da karyayyen noti ku ba komai ba ne a wajenku. Kada ka ba direba ya kawo mini. Hannuna rawa yake yi, ya fi shekara. In ina riƙe da guduma ba a ganewa, amma huda ramin da bai kai ɗan yatsa ba, ba zan iya ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ga Auta nan ta tsaya da rubutu tana kallona. Kai nake so ka zo da hannunka. Na rufe babur ɗin da buhu, na ba mai walda sifanata ya ɓoye, don na san kaina.

Ka gaida surukata, ka ce mata ban ga laifinta ba a cikin wannan duka. Ka gaida amaryata 'yar ƙaramar, ka ce mata mijinta ya tsufa, in tana da wani ta faɗa tun da wuri. Gwaggonka da Auta suna gaishe ku. Mahaifiyarka ba ta aiko da gaisuwa ba, don da safen nan da ta tambaye ni yaushe za a gyara babur, na ce mata kana hanya. Ta sa an share maka ɗaki. Kada ka mayar da ni maƙaryaci a gabanta.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Ni ne,
Mahaifinka