Cokalin Tsage

Doguwa, 4 ga Oktoba, 1955

Zuwa ga ƙanena Balarabe a Bebeji. Gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Salamatu da yara. Mu muna nan yadda ka bar mu.

Bayan haka, na ji za ka shiga Kano da gyaɗa makon gobe. Ka biya kantin kwaran nan na kusa da tashar jirgi, inda nake sayen kayan kamun kifi tun ina akawun gandun daji. Ka ce su ba ka cokalin kifi. Na tagulla ne, tsawon ɗan yatsa, ba shi da mariƙi, da ƙugiya mai baki uku a gindinsa. In an ja shi cikin ruwa yana walƙiya kamar ƙaramin kifi mai ciwo, sai tsage ya taso masa. Tsage ba ya kula tana, abin da ke gudu yake so.

Guda huɗu na saya shekarar da aka ƙara mini girma. Girman ya tafi, aikin ya tafi, cokula uku sun bi su. Na ukun shekaranjiya ya maƙale a gurbin da ke ƙasan Falgore. Saura ɗaya, kuma tsoron jefa shi nake. Ruwa ya fara washewa, nan da wata biyu zai janye, kamun tsage ya wuce sai baɗi. Mutanen nan su zuba magimfa su kashe kifi manya da ƙanana, amma in na wuce da sandata sai su ce, "Malam, yau ma kunu za a ba kifi?"

Ka yi mini wannan. Wasalam.
Yayanka, Ɗantani

Bebeji, 15 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Malam Ɗantani, gaisuwa mai yawa da ban girma. Salamatu na gaishe ka, ta ce ko hanyar Bebeji ta ɓace maka.

Yaya, na je kantin. Kwaran da ka sani ya koma ƙasarsu, ɗansa ne a ciki. Na karanta masa takardarka. Ya ce, "Alhaji, wannan ai tun lokacin yaƙi aka daina yin sa, tagullar duk ta tafi harsashi." Na ce ni ban je Makka ba tukuna, amma Allah ya amsa bakinsa. Ya fito da sababbi, ja da fari, gwanin kyau, ya ce su Turawan kuza ke saya yanzu. Na karɓo biyu, ga su nan hannun Sani direba.

In ba su yi ba, ga shawara. Akwai Shitu maƙeri a Kafin Maiyaki, tagulla da azurfa yake ƙira, shi ya yi wa Salamatu mundaye. In ka aiko da wanda ya rage zai yi maka irinsa. Mutum ne mai tsabtar aiki, ba a taɓa kuka da shi ba.

Allah ya ƙara girma.
Ƙanenka, Balarabe

Doguwa, 24 ga Oktoba

Balarabe, gaisuwa. Saƙo ya iso.

Gwanin kyau, ka ce. Gwangwani ne aka shafa wa fenti. Na jefa na farko, iska ta dawo mini da shi. Na jefa na biyu, ya yi ta yawo a bisa ruwa kamar ganyen ɗorawa. Kwana uku ina bakin kogi, ko karfasa ba ta dube su ba. Fentin ya fara saɓulewa tun ranar farko, ƙugiyar kuwa da yatsa na buɗe ta. Na da yana da nauyi a tafin hannu. In ya sauka ruwa kana jin motsinsa a zare har cikin gwiwar hannunka, kamar abu mai rai. Wanda ya yi shi ya taɓa tsayawa bakin ruwa. Wanda ya yi waɗannan ya tsaya bakin kanti ne kawai. Haka kome ya koma. Ni ma da aka cire ni, yaron da aka sa a kujerata rigarsa ta fi tawa kyau.

Na kwana biyu ina juya maganar maƙerinka. Shekara ashirin da biyu abin nan bai bar hannuna ba. To, ga shi cikin gwangwanin taba, na naɗe shi a tsumma. Kada ka aika kowa, kai shi da ƙafarka. Ka ce wa Shitu guda shida nake so, nauyi ɗaya, tsawo ɗaya, tagulla ba gwangwani ba, kuma kada fenti ya kusance su. Ya dawo mini da nawa tare da su.

Wasalam.
Ɗantani

Bebeji, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Malam Ɗantani, gaisuwa da fatan alheri.

Albishir, aiki ya kammala. Ranar kasuwa na hau keke na kai da kaina, jiya na koma na karɓo. Shitu ya auna naka a sikelin azurfa, ko wanne cikin shidan bai fi shi ba, bai gaza ba. Har ramin cikin ya fitar. Mutane sun taru a rumfarsa suna kallo, wani ya ce layar ruwa ce, Shitu ya ce, "Layar masu boko ce, sai ka yi aji huɗu take ci."

Kuma ya yi maka kyauta. Da ya ɗaga naka ya ga ya murɗe, baki ya kalli gabas gindi ya kalli kudu, ya ce, "Kai, Malam ya wahal da abin nan." Kafin ya fara aunawa sai da ya ɗora shi a uwar maƙera ya miƙe shi sarai, ya goge baƙin da ke bayansa da toka da tsamiya. Yanzu ba ka rabe shi da sababbin. Ya ce wannan gyara ba sai an yi maganarsa ba, girmamawa ce.

Sai mun ji labarin kifi. Salamatu ta ce a tuna da ita da banda.
Ƙanenka, Balarabe

Doguwa, 16 ga Nuwamba

Balarabe.

Murɗar nan ita ce cokalin. Da ita aka ƙero shi. Ita ke sa shi juyi cikin ruwa, baƙin baya ya ɓoye, farin ciki ya haska, tsage ya ɗauka kifi ne ke mutuwa. Ba ita, guntun tagulla ne. Na jefa bakwai ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya taho mini a miƙe kamar an ja wuƙa cikin ruwa.

Kana tsaye aka ɗora shi a maƙera. Kana kallo aka ɗaga guduma. Ba ka ce a dakata a tambayi mai shi ba?

Na so in zage ka shafi biyu, sai na tuna takardata. Na cika ta da fenti da gwangwani da rigar wani yaro, ban rubuta layi ɗaya a kan murɗar ba. Ni da aka koya wa rubuta rahoto. Na ɗauka duk mai ido zai gani.

Jiya na sa awartaki zan mayar da nawa yadda yake. Ya tsage gida biyu a hannuna. Yanzu babu na da ko ɗaya, a nan ko a Kano, kuma babu abin da za a duba a kwaikwaya.

Kada Salamatu ta jira banda.
Ɗantani

Bebeji, 24 ga Nuwamba

Yaya, ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri. Ina tsaye, gaskiya ne. Ni ma na ɗauka lanƙwasa ce ta tsufa.

Na koma wurin Shitu na karanta masa. Ya ajiye guduma. Ya ce, "Shekara talatin ana kawo mini abu a karkace, ban taɓa mayar wa mutum kayansa a haka ba. Abin kunya ne a gidanmu." Na ce ko zai iya murɗa su. Ya ce murɗawa ba wuya, amma ta wane gefe, kuma har ina? Bai tsaya ya duba ba, shi gyara ya gani.

Ya ce in gaya maka tagullar da ta sha guduma ba a tanƙwara ta da sanyi. Ka sa a garwashi har ta yi ja, ka tsoma a ruwa, za ta yi laushi. Ya ce, "Hannun Malam ya riƙe abin nan shekara ashirin, ya fi idona saninsa. Ya gwada."

Allah ya huci zuciyarka.
Ƙanenka, Balarabe

Doguwa, 3 ga Disamba

Balarabe, gaisuwa.

Na bi maganar Shitu. Na murɗa shidan, kowanne dabam. Biyar ba su yi ba. Na shida jiya da hantsi ya juya, na ji shi a zare kamar da. Jifa na uku tsage ya ɗauka, babba, ya yi tsalle sau biyu na gan shi da idona. Sai ya shige ƙarƙashin dutse, zare ya tsinke. Ya tafi da shi a baki.

Ban zana shi a takarda ba, kuma ban tuna yadda na murɗa shi ba.

Abin da ya rage wa ruwan bai fi kwana goma ba. Ka ce wa Shitu ya ƙera mini wasu shida, miƙaƙƙu. Ka gaishe shi.

Yayanka, Ɗantani