Muryar da Ba a Rubuta Sunanta Ba

Lahore, 29 ga Maris, 1994

Zuwa ga Bhai Jan Tanwir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da iyali, Allah ya kare ku daga sanyin Bradford. Mu nan muna godiya ga Allah. Maigidana Ilyas ya koma shagonsa bayan ciwon bayan nan, 'yarmu Rubab kuma ta shiga aji na ƙarshe, sai dai bakinta ya fi karatunta gudu. Mahaifiyarmu Ammi ce dai jiki ya ƙi. Likita ya ce huhun ya gaji, kuma da na matsa masa sai ya ce mu bar maganar shekara, mu yi ta watanni. Daga gado zuwa tsakar gida sai ta huta sau biyu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru ne ranar Juma'ar da ta wuce. Ka san talabijin na nuna labarin Hurmat mawaƙiya a sabon salo, duk unguwa ba a maganar komai sai shi. To, Rubab ta je shagon kaset ta ɗauko tsofaffin finafinan labarin guda biyu, na baƙi da fari da kuma mai launi, wai sai an tantance wadda ta fi iya zama Hurmat cikin 'yan wasan uku. Wallahi da na ga kaset ɗin farko a hannunta sai da na so in karɓe shi. Amma me zan ce mata? Bayan azahar muka taru a ɗakin Ammi, na soya ƙosan pakora, aka dafa shayi, har maƙwabciyarmu Shagufta ta shigo da ɗinkinta.

Nan fa gardama ta kaure. Ilyas ya tsaya kan ta fim mai launi, wai ita ce mace, ga ido ga tafiya. Shagufta ta ce ya ji kunya, tsoho da shi yana kallon ido, matar da ke rera waƙar rabuwa tana washe haƙora kamar an biya mata Makka. Rubab ta ce duk su yi shiru, yarinyar talabijin ce gwana, don ita hawayenta na gaske ne. Shagufta ta ce na gaske ina, albasa ce a gefen gyale. Har Ammi sai da ta yi dariya, tarin ya tsayar da ita.

Da aka zo waƙar bakin kogi a fim ɗin farko, Ammi ta sa aka ɗaga mata matashi. Ta ce mu daina kallon fuskar 'yar wasan, mu kalli wuyanta. Ta ce sauran biyun baki kawai suke motsawa a kan muryar da aka ɗauka tun farko, amma wannan tana jan numfashi daidai inda mai waƙar ta ja, saboda kwana uku ta yi zaune a ɗakin ɗaukar sauti tana kallon maƙogwaron mawaƙiyar. Rubab ta tambayi kakarta, Nani, a ina kika san wannan? Ammi ta ce a jarida ta karanta.

Sai Rubab ta mayar da kaset baya don ta ga sunan mai muryar, ta tarar da abin da ni da kai muka sani: "Wata 'Yar Gidan Mutunci". Ta fashe da dariya, ta ce ai dole ta ɓoye sunanta, wa zai yarda a san shi da wannan murya ta hanci irin ta tsofaffi, kamar kyanwa ta maƙale a taga. Bhai Jan, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na daka mata tsawa, ta tsaya tana kallona ba ta san laifinta ba. Ammi kuwa ta shafa kan yarinyar, ta ce ƙyale ta Nuzhat, gaskiyarta ce, haka ake waƙa a wancan zamani. Ta juya ta fuskanci bango, shayinta ya huce a wurin.

Washegari ina taje mata kai ta yi mini maganar. Ta ce zagin bai dame ta ba, abin da ya dame ta shi ne za ta tafi jikarta na yi mata kallon tsohuwar da ba ta iya komai ba sai dafa wake da neman tabarau. Tana so sau ɗaya ta zaunar da Rubab ta ce mata, ni ce. Amma ka san kafin a ɗaura aurensu Abba ya sa ta dafa Alƙur'ani cewa maganar ba za ta fita ba sai da izinin maigida, mu ma daga bakin Abba muka ji. Na ce mata Abba ya shekara tara a ƙasa. Ta ce rantsuwa ba ta bin mutum kabari, kuma yanzu kai ne maigidan.

Na san ra'ayinka, ka faɗa mini ranar sadakar arba'in ɗin Abba cewa a bar abin a rufe saboda surukai. Ban yi maka musu ba a lokacin, amma yau ina yi. Matar nan shekara arba'in da uku ba ta rera ko waƙar reno da ƙarfi ba don kada wani ya gane ta ta katanga. Yanzu ko ta so ba ta da numfashin. Kalma ɗaya ce take nema a wurinka, kuma raina yana ɓaci cewa sai na roƙa.

Ka gaishe mini da matarka Bhabi Rukhsana, da Junaid da ƙaramar Mehwish. Ilyas da Shagufta suna gaisuwa. Ammi ta ce a sumbaci yaran, kuma ka riƙa sa hula in za ka fita.

Ta kuma ce in ka ƙi, kada in gaya mata ka ƙi, in ce takardar ce ta ɓata a hanya. Ni ba zan iya yi mata wannan ƙaryar ba, Bhai Jan. Kada ka rubuto, ka bugo waya ka faɗa mata da bakinka.

Ƙanwarka,
Nuzhat