Gurbin Mama

Sabon Gari, Keffi

Ƙanena Haggai,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya aiki, ya Abuja? Manhajar da ka haɗa wa makarantarmu, mai tura wa iyaye saƙo, ta ƙi aiki. Bayan jana'iza na cire sunan Mama daga gurbin mai riƙon 'yarka Lea. Tun daga nan, da an zo kan Lea sai komai ya tsaya cak, har yaran da ke bayanta ba a tura wa iyayensu. Hedimasta ya hana ni sakat.

Lea tana wurina, tana cin abinci. Ba ta tambaye ka ba, ni ma ban ɗauko mata zancenka ba.

Yayarka,
Priskila

Abuja

Yaya Priskila,

Ina gaisuwa. Na gyara. Da, manhajar takan tashi daga yaro ta je gida, daga gida ta je mai riƙo, sannan lambar waya, ba ta taɓa zaton wani zai rasu a hanya ba. Yanzu a kowane mataki sai ta duba ko akwai. In babu, ta bar wurin ba komai, ta wuce zuwa yaro na gaba, ba hayaniya.

Ni dai ina zuwa ofis ina dawowa. Ba na jin komai, Yaya, ko yunwa. A gaida Lea.

Haggai

Sabon Gari, Keffi

Haggai,

Ina fata kana lafiya. Gyaranka ya yi kyau, sai dai ya yi kyau da yawa. Ranar Juma'a aka raba sakamako. Kowane gida ya samu saƙo ban da na Lea, har masu aiki a Mararaba sun baro shago sun zo. Lea ce ta zo ta ɗaya a ajinsu. Aka kira ta, aka ce mai riƙonta ya fito. Ina can ajina, ban sani ba. Ta tsaya, aka ɗan jira, aka kira na gaba.

Gara lokacin da abin yake tsayawa, aƙalla muna sanin akwai wanda babu. Raina ya ɓaci, kuma da kai nake.

Allah ya kiyaye ka.
Priskila

Abuja

Yaya,

Na gaishe ki. Na sa sunana da lambata a gurbin. Yanzu in babu kowa, manhajar za ta faɗa wa hedimasta kafin ta wuce.

Saƙon farko ya shigo yau: "Zuwa ga mahaifin Lea." Na daɗe ina kallonsa. Zan shigo mota ranar Asabar. Kada ki gaya mata sai kin gan ni a ƙofa.

Ƙanenki,
Haggai