Rahoton da ya ce mahaifina lafiyarsa ƙalau

Zuwa ga
Shugaban shirinmu na tallafa wa manoma,
Babban ofis, Sakkwato.

Assalamu alaikum warahmatullah.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki baki ɗaya. Sunana Dikko, malamin gona ne ni a ƙarƙashinka shekara tara ke nan. Gidanmu na Tambuwal, wurin aikina yanzu ƙauyukan Kebbe. Na san ba a saba ganin ƙaramin ma'aikaci ya rubuta wa shugabansa a bainar jama'a ba, na kuma san abin da zai iya biyo baya. Amma takarda uku na aiko ta hanyar da aka tsara. Biyu ko amsa ba su samu ba. Ta ukun aka amsa da layi biyu, wai an je an bincika, an tarar mahaifina lafiyarsa ƙalau, don haka ba a ga dalilin sauya mini wurin aiki ba. Tun ranar da na karanta takardar nan ban ƙara jin daɗin komai ba. Ba rashin kunya ta kawo ni ba, so nake ka ji yadda abin ya faru daga bakin wanda ya shafa.

Na farko, ciwon Baba.

Shekara biyu da suka wuce, bayan yankan gero, Baba ya faɗi a bakin turken shanu. Hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama. Mun yi kwanaki a asibiti. Ranar da za a sallame mu, likitar da ke gasa masa ƙafa ta ja ni gefe, ta ce magani zai yi nasa, amma tafiya ce kaɗai za ta dawo da ƙafar nan, kullum, ko da taku goma ne, kuma sai an riƙe shi ta ɓangaren da ya mutu. Ta dubi tumbina ta ce ni ma in na yi wasa, gadon da Baba ya sauka ni zan hau.

To, wa zai riƙe shi? Inna ta rasu tun ina makaranta. Ƙannena biyu mata ne, ɗaya tana aure a Jega, ɗaya a Sakkwato. Matata Rabi tana gidan, amma kai ma ɗan ƙasar nan ne, ka san suruka ba ta kama ƙugun surukinta ta fito da shi titi. Ko ruwan alwala a bakin ƙofa take ajiye masa ta juya. Maƙwabta sun yi tayi, Allah shi saka musu, ya ce shi ba kaya ba ne da za a riƙa karɓa-karɓa da shi. Saura ni.

Muka fara, kullum bayan sallar asuba. Makon farko daga ɗakinsa zuwa zaure, yana haki ina haki. Bayan wata biyu muka kai masallacin unguwa. Kafin azumi ya zo muna zuwa har bayan gari inda ake ɗaure shanunmu, ya tsaya ya dafa kafaɗata yana bin su da ido, yana yi mini faɗan an bar maraƙi da kaska. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Ni ne ɗansa na fari, kuma gidanmu akwai jinin Fulani, don haka tun tasowata Baba bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. A wannan tafiyar ne na fara jin labarin shekarar yunwar da suka kora shanu kudu, da yadda aka yi ya auri Inna. Ba ya kallona in yana faɗa, kamar da hanya yake magana. Ni kuma wandona ya soma yi mini yawa, awon jinina ya sauka har aka rage mini maganin hawan jinin da ni ma nake sha. Ranar da ba makaranta 'ya'yana mata biyu ƙanana sukan biyo mu suna rigimar wadda za ta riƙe masa sanda. Ƙarfe bakwai da rabi na riga na hau babur na nufi gonakin da aka sa ni, kuma a bincika, ban taɓa yin latti ba.

Na biyu, sauyin wurin aiki.

A farkon daminar bara aka mayar da ni Kebbe. An ce kada kowa ya yi aiki a garinsu, don kada ya fifita danginsa wurin rabon iri da taki. Ban ja da wannan ba, dalili ne mai kyau. Amma sai aka haɗa da sabon tsarin waya: kowace safiya kafin takwas sai na ɗauki hotona a gonar da aka tura ni, wayar ta nuna inda nake tsaye, in ba haka ba a rubuta ban zo aiki ba. Wanda ya tsara wannan bai taɓa tura babur cikin laka a hanyoyin Kebbe ba. Kuma akwai hanyoyin da ba a bi bayan la'asar, ba sai na faɗi dalili ba. Dole na kama ɗaki a can. Lahadi da azahar in bar gida, Juma'a da yamma in dawo. Tafiyar da ake yi sau bakwai a mako ta koma sau biyu, Asabar da Lahadi.

Na uku, tattakin motsa jiki.

Wannan ne ya fi ci mini rai, kuma ka yi haƙuri da yadda zan faɗe shi. Bayan 'yan watanni ofis ya fito da tattakin lafiya, Asabar biyu a kowane wata, a Sakkwato, kuma ana ɗaukar suna. Ma'ana ranar Juma'a in wuce ta Tambuwal, in ajiye babur, in leƙa in gai da Baba a tsaye, in shiga motar Sakkwato. Da safe mu zagaya titi da farar riga mai tambarin shiri da hular hana-salla, ana kiɗa a mota, ana ɗaukar hoto. A ƙarshe a tara mu a yi mana lacca a kan amfanin motsa jiki da muhimmancin ba iyali lokaci. Ina layi na biyu, na tafa tare da kowa. A daidai lokacin akwai dattijo a Tambuwal zaune a bakin gado, ya sa hula, ya jingine sanda kusa da shi, ko da zan shigo. Rabi ce ta gaya mini haka yake yi duk Asabar ɗin da ba na nan, sai hantsi ya cire hular.

Na taɓa neman a ɗauke mini tattakin, na ce ina da nawa a gida. Aka yi dariya, aka ce ai irina masu tumbi aka yi wa shi.

Na huɗu, binciken da aka yi.

A takardata ta uku ban nemi a dawo da ni cikin garin Tambuwal ba. Sanyinna na nema, inda ba ni da dangi ko ɗaya, inda kuma zan iya zuwa da safe in dawo da yamma. Malam Lawali da ke riƙe da Sanyinna ya yarda mu yi musaya, ya sa hannu a takardar, don shi iyalinsa suna Sakkwato, ko'ina aka kai shi ɗaya ne a wurinsa. Ofis ya ce sai an tabbatar da uzurina, aka turo jami'in kula da walwalar ma'aikata.

Ranar Laraba ya zo, ina Kebbe, ba wanda ya sanar da ni. Abin da zan faɗa Rabi ce ta ji daga bayan ƙofar zaure. Da Baba ya ji an ce baƙo ne daga wurin aikin ɗansa, sai ya sa aka miƙo masa babbar riga da rawani. Ya aika a ce wa baƙon ya ɗan jira a waje. Ya ja jiki yana bin bango har zaure, shi kaɗai, abin da ya yi makonni bai iya ba. Ya zauna a kan buzu ya rufe ƙafar da riga, sannan ya ce a shigo. Jami'in ya tambaye shi jiki, ya ce lafiya lau, sai godiyar Allah. Ya tambaye shi ko yana bukatar ɗansa a kusa da shi. Baba ya ce: "Wancan? Mi za shi yi min? Ku bar shi ga aikinai, ni ba ni da wata damuwa." Jami'in ya sha fura, ya yi addu'a, ya rubuta abin da ya ji, ya tafi.

Ranka shi daɗe, wane dattijo ne a ƙasar nan zai buɗe baki a gaban baƙo ya ce yana bukatar ɗansa na fari? Ko yana mutuwa ba zai faɗa ba. Kunya ce, da ita aka haife shi. Kuma a tunaninsa in ya nuna gazawa, aikina ne zai taɓu, a ce yaron nan hankalinsa yana gida. Kare ni yake yi, bawan Allah. Ban ce jami'in ya yi ƙarya ba, abin da aka gaya masa ya rubuta. Amma bai ce wa Baba ya miƙe ba. Bai nemi katin asibiti ba, ga shi nan a rataye cikin leda a ɗakin. Bai yi sallama da matar gidan ya tambaye ta ba. Da ya ƙara minti goma, da ya ga abin da ya biyo baya. Baba ya kasa komawa ɗaki. A zauren ya zauna tun azahar har magariba, ya hana a kira kowa, sai da Rabi ta yi ta maza ta aika wa maƙwabcinmu ya zo ya ɗauke shi cak kamar yaro. Ranar bai ci abinci ba, washegari ma haka.

Wannan shi ne mutumin da fayil ɗina ya ce lafiyarsa ƙalau.

Na biyar, inda muke yanzu.

Ƙafar ta sandare. Gwiwar ba ta miƙewa sosai, tafin ƙafar ya karkace ciki. Wata uku ke nan rabon Baba da masallaci. Shanun da yake zuwa dubawa yanzu sai dai ya tambayi labarinsu, kuma ya daina yi mini faɗa a kansu, wannan ma ya fi komai yi mini ciwo. Hirar nan ta hanya ta ƙare, mun koma gaisuwa da shiru irin na da. Ni kuma wuni nake a kan babur, in ci abin da na samu a bakin kasuwa, an mayar mini da maganin da aka rage har da ƙari. Ƙaramar 'yata ta tambayi uwarta ko ni ma aure na yi a Kebbe kamar yadda gwaggonta ta yi a Jega. An yi dariya a gidan, ni na kasa.

Na mayar da Baba wurin likitar makon jiya. Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce abin da ya tafi da yawa ya tafi, amma in aka dawo da tafiyar kullum cikin 'yan makonnin nan, akwai fatan ya sake tsayawa, ya yi 'yar gajeriyar tafiya da sanda. In aka wuce haka, sai dai keken guragu.

Ga abin da nake roƙo, ranka shi daɗe.

Ɗaya, a amince da musayar da muka yi da Malam Lawali, a mayar da ni Sanyinna. Ba hutu nake nema ba, ba ragin aiki ba. Hoton safiya zan ci gaba da turowa kafin takwas.

Biyu, in har sai an sake bincike, a turo wanda zai zo ina nan, ya duba katin asibiti, ya tsaya ya ga yadda nake ɗaga Baba daga gado. Kuma don Allah a daina tambayar tsofaffinmu ko suna bukatar 'ya'yansu. Amsar da za su bayar an santa tun kafin a tambaya.

Uku, a bar waɗanda ke aiki a nesa su yi tattakinsu a garuruwansu. Asabar ɗin nan ita kaɗai wasunmu suka mallaka.

Lahadin da ta wuce, ina ɗaure jaka a babur, Baba ya sa aka kira ni. Ya ce akwai saƙon da zan kai wa liman. Fiye da shekara talatin wurinsa ɗaya a masallacin nan, sahun farko, dama da liman, kuma tun da ya kwanta jama'a suke ajiye masa shi har sai an tayar da iƙama kafin wani ya matsa. Ya ce in gaya wa liman a daina jira, a ba wani wurin. Ya faɗa yana kallon bango. Na ce to, na fita, na tsaya a zaure har sai da idona ya bushe kafin na tayar da babur.

Ban kai saƙon ba. Ban taɓa saɓa wa umarnin Baba ba sai wannan karon, kuma ranar Juma'a in na dawo zai tambaye ni. Amsarka nake jira kafin in san abin da zan ce masa.

Allah shi ƙara maka lafiya da tsawon rai, shi yi maka jagora a kan nauyin da ke kanka. In iyayenka suna raye, Allah shi bar ka kusa da su. In sun riga mu, Allah shi jiƙan su da rahama.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Dikko,
malamin gona, ƙauyukan Kebbe.