Rahoton Baba Kan Jar Fitila

Thusis, 19 ga Oktoba

Zuwa ga Yaya Curdin,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti Marisol da yara, ya kuma sauƙaƙa maka ciwon bayan nan. Mu nan lafiya lau. Maigidana Gian ya koma aiki, 'yarmu Ladina ta fara koyon jinya a Chur. Kan duwatsu ya yi fari da ƙanƙara tun makon jiya.

Maganar Baba ce ta sa na ɗauki biro, don kai a waya ba ka barin mutum ya kai aya. Ka tuna abin da likita ta ce: in ya sake yin wata babbar mantuwa, zamansa shi kaɗai a gidan ya ƙare. Ka ce a kai shi gidan tsofaffi tun yanzu, ni na kafe na ce a'a, amma na yi maka alkawarin ba zan ɓoye komai ba. To ga shi.

Ran Asabar aka yi zagayen ƙarshe na ƙananan jiragen ƙasan wasan da ke lambunsa kafin a kwashe su. Kwana uku ya yi yana goge layin dogo da wayar lantarkin da ya ja ta sama, bai bar kowa ya taɓa ba. Tsofaffin direbobin jirgin ƙasa shida, abokan aikinsa na da, suka zo, na dafa musu miyar sha'ir. Ɗaya daga cikinsu, Baba Luzi, ya shigo yana tsokanarsa wai tsoho ya kasa yaye kansa daga wasan yara. Baba ya ce masa ya rufe baki ya kama cokali, tunda cokalin kaɗai ya iya tuƙawa.

Ka san gadar da ke kan tafkin kifi layi ɗaya ce, jirgi ɗaya ke hawa, ɗayan ya jira a tasha sai fitila ta ba shi hanya. Jan jirgin nan yana gangarowa kan gadar da taragu biyar, fitilar tasha na nuna ja, sai na ga Baba ya murɗa wa Kada wuta, kan jirgin nan mai ruwan ƙasa da Mama ta saya masa da ya yi ritaya. Sai ga Kada ya wuce fitilar ya hau gada, Baba na kallo yana murmushi. Duk tsofaffin sun gani. Na kai hannu na fizge wayar daga soket. Da jiragen suka tsaya, tsakaninsu bai kai tafin hannu ba.

Na ce wuta ce ta ɗauke. Baba Luzi ya yi maza ya mara mini baya, wai raɓa ce ta shiga waya. Baba ya durƙusa da ƙyar, ya dubi inda Kada ya tsaya, ya ɗago ya dube ni. Sai ya ce a ci gaba da shan miya.

Gaskiya na so in yi shiru da maganar. Ran Lahadi bayan coci ya miƙo mini takarda, irin rahoton da direba ke rubuta wa ofis: rana, lokaci, wuri, sunansa, laifi wuce jar fitila. Ya ce shekara arba'in bai taɓa wuce ja ba, bai kuma taɓa barin wani ya rufa masa asiri ba, ba zai fara da 'yar cikinsa ba. Na hau faɗa, na ce haba Baba, abin wasa ne fa, ba rai ko ɗaya a ciki. Ya ce fitila fitila ce, in aika maka, ni da kai ne ofis yanzu.

Tun ranar bai taka lambun ba, wai direban da ya wuce ja ba ya taɓa jirgi sai hukunci ya fito. Jiragen na nan kan gada, na rufe su da leda. Rahoton na cikin ambulan nan. A layin ƙarshe ya rubuta cewa direba ba ya neman sassauci, roƙonsa kawai a bar shi ya shigar da jiragen da hannunsa kafin ƙanƙara ta sauka. Ka zo, Yaya. Tsoro nake ji, ba zan yanke wannan ni kaɗai ba, ba kuma zan yarda ka yanke shi daga Valparaíso ba.

Ka gaida Anti Marisol da Flurin da Pilar. Gian da Ladina na gaishe ku. Na tambayi Baba ko yana da saƙo, ya ce takardar ta isa.

Ni ce ƙanwarka,
Seraina