Harafi Ɗaya a Waƙar da Mijina Ya Yi Min

Assalamu alaikum 'yan zauren nan, manya da ƙanana, da fatan kowa yana lafiya. Admin a taimaka a ɓoye sunana, ko da yake idan abin da nake tsoro ya faru ranar Asabar, ɓoyewar ba za ta amfane ni da komai ba. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku daure ku karanta har ƙarshe kafin ku yi dariya, don na san wasunku sai sun yi. Ni kam dariya ta yi min nisa, kaina ya kulle gaba ɗaya.

Ni matar aure ce, a Galtimari muke zaune. Iyayena Fulanin Kano ne, kasuwanci ya kawo babanmu Maiduguri, a Gamboru aka haife ni, amma Hausar gidanmu ta cikin birnin Kano ce tsantsa. Mijina Babarbare ne ɗan Gwange, zan kira shi Modu duk da ba sunansa ba ne, kuma mawaƙi ne. Da can su uku ne a ƙungiyarsu, shi da wani Nura wanda shi ma 'yan Kano ne iyayensa, sai Ba'ana mai buga fiyano, wanda kuma shi ke haɗa musu kiɗa a situdiyonsa. Sun yi tashe sosai a garin nan, bikin da ba su je ba amarya ma sai ta ga kamar an rage mata wani abu. Tsarinsu shi ne Nura ya ɗauki baiti da Hausa, Modu ya yi amshi, idan an zo wurin Barbarci sai a sakar masa. Ba don mijina ba ne, amma kowa ya san muryar Modu ta fi, mutane amshin suke haddacewa ba baitin ba.

Abin da ya raba su a gidan rediyo ya faru, ana hira da su kai tsaye. Mai gabatarwa ya tambaya me ya sa Modu ba ya ɗaukar baitin Hausa, sai Nura ya karɓe amsar, ya ce ai idan aka ba shi baiti ƙauna za ta koma kauna, tsoro ya koma soro, ɗaki ya koma daki, ya kama kwaikwayon maganarsa har mai gabatarwar yana tari don dariya. Modu ma ya yi dariyar tare da su, ina jin sa a rediyo ina wanke-wanke, amma da ya dawo ko abinci bai taɓa ba. Wani ya yanko wurin ya sa a soshiyal midiya, kafin ka ce me an fara kiran sa Malam Soro har a layin gidansu. Ga 'yan uwana maza kuma, kun san wasan da ke tsakaninmu da Barebari, su a ganinsu haƙƙinsu ne, duk zuwan da zai yi gidanmu sai sun ce ya faɗi tsintsiya su ji. Da sai ya rama ya ce mu bayinsu ne, a yi dariya a tashi. Bayan abin rediyon nan daina zuwa ya yi.

Ya bar ƙungiyar, ya koma zama a shagon wayoyi na yayansa. Kusan shekara biyu mutumin nan ko a wajen wanka bai rera komai ba, wanda da sai na buga masa ƙofa na ce ruwa zai ƙare. Har Hausar ma ya rage yi da ni, sai ya yi min Barbarci, ni kuma ina ji amma mayarwa sai a hankali, muka zama kamar baƙi a gida ɗaya. Ya rame, ya daina aski a kan lokaci, idan waƙarsu ta da ta tashi a keke napep sauka yake yi ya ƙarasa da ƙafa. Ni kaɗai na san abin da na gani a lokacin nan, kuma wallahi ba na fatan sake ganin sa.

Ni na dame shi ya koma, na yi kuka na yi fushi na haɗa shi da mahaifiyarsa, Ba'ana ma ya taya ni, har Allah ya sa ya yarda zai yi albam nasa shi kaɗai, na farko a rayuwarsa. Sai ya fito da wata dabara, ya ce ba zai sa duk kalmar da harshensa ba ya ɗauka ba. Ni na zama ƙamus ɗinsa, ina tsaka da girki zai leƙo ya ce Maman Ummi ba ni wata kalma a madadin wannan, in ce sa so, sa bege, sa fargaba, sa zumuɗi, a'a zumuɗi ma cire shi. Muna yi muna dariya, dariyar da na manta yadda take a gidana. Duk waƙoƙin sai da suka bi ta kunnena na tace su, ban da guda ɗaya da ya ɓoye ya ce ta musamman ce, kuma sunanta ne sunan albam ɗin.

Satin da ya wuce ya ce in shirya, ya kai ni situdiyo, matar Ba'ana ma tana nan, ƙawata ce. Aka zaunar da ni, ya sa min abin ji a kunne da hannunsa, Ba'ana ya saki waƙar. Ashe ni ya yi wa. Har sunana a ciki, da yadda na tsaya masa lokacin da ya kasa tsayawa da kansa, da yadda nake ajiye masa abinci ko zai ci. Ban taɓa jin ya yi waƙa irin wannan ba, tsigar jikina tashi ta yi. Sai aka zo amshi, inda yake so ya ce ni ce ƙashin bayansa.

Jama'a a gafarce ni, dole in faɗa yadda za a gane. Ƙashi na jiki yake nufi, wanda mutum ke tsayuwa da shi. Amma ƙa ɗin bai fita ba, ka ya fito, kuma da a magana ne da an gane an wuce, to karin waƙar ya ɗaga wurin sama ya ja shi da tsawo, kaaashin bayana, ya zama ɗaya kalmar sak, wadda ake yi a ban ɗaki. Ga kuma baya a gabanta. Ba sau ɗaya ba, amshi ne, yana ta dawowa, a ƙarshe ma har da muryoyi suna tayawa. Hawaye suka zubo min, ni kaina ban san na daɗi ne ko na tashin hankali ba, duka biyun ne.

Ya ga ina kuka sai ya tsayar da waƙar ya durƙusa a gabana. Ya ce, "Maman Ummi kin ji wurin nan? Na dade ina koyonsa a boye, ni kadai a shago. Ya fita ko?" Idonsa ya kawo ruwa, fuskarsa kamar ta yaron da ya kawo sakamakon jarrabawa gida. Ba'ana da matarsa suna kallona suna murmushi, su duka Barebari ne, kunnensu bai ji komai ba. Na ɗaga kai na ce ya fita. Allah ya yafe min, na ce ya fita.

Tun ranar ban sami natsuwa ba. Na kasa gaya wa Ba'ana da bakina don kunya, matarsa na kira na yi mata bayani, da farko ma ba ta ji bambancin ba sai da na yi ta maimaita mata kalmomin biyu kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya. Ta gaya wa Ba'ana, ya kira ni yana dariya, da ya ji muryata sai dariyar ta tsaya. Ya ce Madam a Maiduguri rabin gari haka suke faɗa, wa zai kula? Na ce ɗaya rabin fa, kuma waƙa ai ba a Maiduguri za ta tsaya ba, tana hawa intanet Kano za ta kwana, ga masu yanke-yanken bidiyo da ba su da aikin yi, waɗanda suka mayar da shi Malam Soro a kan abin da bai kai wannan ba. Sai ya ce gyaran ba wuya, Modu ya zo ya sake rera wurin, ko a canja kalmar. Na ce ai matsalar ke nan, wa zai gaya masa?

Na gwada ta bayan gida. Na ce Baban Ummi waƙar ta yi, amma da ka ce ni ce gatanka ko bangon jinginarka ina ganin zai fi daɗi a baki. Nan take fuskarsa ta canja. Ya ce duk albam ɗin guje-guje ya yi ta yi, yana kauce wa kalmomi kamar mai kauce wa ramuka a titi, wannan ɗaya ce ya tsaya ya fuskanta, kuma saboda ni ya yi. Ya ce ya riga ya aika wa Nura kati, kujerar gaba ya sa a ajiye masa a wurin ƙaddamar da albam ɗin ranar Asabar, yana so ya zauna ya ji da kunnensa. Ya gayyaci yayyena ma duka. Sai ya tsare ni da ido ya ce ko akwai matsala ne, ba ni na ce ya fita ba? Na ce babu komai, son raina ne kawai. Muka ɗan yi sama-sama, ya ce ni ma na fara irin na 'yan gidanmu, komai ya yi da Hausa sai an ɗora masa gyara. Daga baya shi ya zo ya ba ni haƙuri, wannan haƙurin ya fi faɗan ciwo.

Shekaranjiya Ba'ana ya turo min wani abu a waya ya ce in saurara ni kaɗai. Waƙar ce, amma amshin ya fita tas, ƙashin bayana, kamar a Kano aka yanke masa cibiya. Na yi hamdala har na zauna a ƙasa. Da na tambaye shi yadda ya yi sai ya fara kame-kame, ashe tsofaffin ayyukan ƙungiyarsu ya buɗe a kwamfuta, ya nemo inda Nura ya ce ƙasa, ya yanko ƙa ɗin ya liƙa a bakin mijina, ya shafe wurin yadda ba za a gane ba. Wato a waƙar da mijina ya yi min don ya nuna wa Nura ya iya, harafin da ake taƙama da shi na Nuran ne. Ba'ana ya ce Modu ba zai gane ba tunda kunnensa ba ya rabewa, kuma a wurin taro ai sakin waƙar ake yi mawaƙi ya bi da baki. Na yarda ranar Asabar za mu tsira. To gobe idan aka kira shi rediyo aka ce ɗan rera mana amshin nan fa? Kuma Ba'ana mutumin kirki ne amma bakinsa ba ya riƙe magana, Nura har yanzu yana zuwa situdiyonsa aiki. Ranar da Modu ya ji cewa ni da abokinsa muka haɗa kai muka sa masa muryar Nura a baki, ban san ko zai sake kallona ba.

Ranar Alhamis Ba'ana zai ɗora albam ɗin a intanet, ya ce ni yake jira in ce wanne, shi ba ruwansa. Na kasa gaya wa Hajiyarmu, don tana ji yayyena sun ji. Na yi istihara, na tashi yadda na kwanta.

Don girman Allah ku gaya min abin da zan yi. In zaunar da shi in ce Baban Ummi ƙarya na yi maka, bai fita ba, abin da ka daɗe kana koya bai koyu ba, alhali ni kaɗai ce ya yarda da kunnena a duniya? Ina tsoron ya fasa albam ɗin ya koma shago, kuma wannan karon ni ce silar, ba Nura ba. Ko in bari a ɗora mai facin in riƙe sirrin har ranar da zai fashe? Ko in yi shiru a saki ta asalin, in tsaya kusa da shi a gaban jama'a cikin lafayar da ya saya min don ranar, ina kallon Nura da yayyena suna danne dariya? Masu aure da Barebari, da ku Barebarin kanku, idan faɗa masa ne mafita, da waɗanne kalmomi zan fara yadda ba zai ji na zama ɗaya daga cikin masu yi masa dariya ba? Masu zagi a yi min sassauci, na riga na zagi kaina.

Ina rubuta wannan ne a ɗaki na tura ƙofa. Shi yana tsakar gida yana goge takalmin da zai sa ranar, yana rera amshin da ƙarfi, cikin farin ciki, kuma daga nan ina jin yadda yake faɗar sa.