Sunanki a Bakin Likita

Zuwa ga Malamata, hasken idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan sanyi a maƙogwaron mai ƙishirwa, ke da ambaton sunanki kaɗai kan buɗe ƙirjina kamar furen da raɓa ta sauka a kansa!

Ina gaishe ki. Yau wata biyar rabona da jin muryarki. Ki daure ki karanta har ƙarshe, ko da za ki yayyaga takardar bayan haka.

Kin tuna ranar da zan je ganawata ta farko ta neman aiki? Kin fito daga aji, garin alli a hannun rigarki, kika cim mini a tashar bas. Kika zaunar da ni a benci, kika murtuke fuska wai ke ce manaja, kika ce, "To malam, don me za mu ɗauke ka, da wannan dogon wuyan naka kamar na zalɓe?" Na yi ta dariya har bas ta wuce ban sani ba. Da kika ga jikina ya yi sanyi, kika gyara mini wuyan riga, kika ce ko su ba su ɗauke ni ba, ke kin riga kin ɗauke ni, kuma ba kya korar ma'aikaci. Wayyo! Ina ma rana ta tsaya cak a kan bencin nan!

Ba su ɗauke ni ba. Na biyu ma haka, na uku ma haka, har sau goma sha huɗu. Wani ya ce sai mai gogewar shekara biyar. Wani bai ko ɗago kai daga wayarsa ba har na gama bayani. A wani kamfani maigadi ne ya tausaya mini tun a ƙofa, ya ce, "Ɗan'uwa, kada ka wahalar da ƙafarka, an cike gurbin tun kafin a manna sanarwa." Sauran duk bakinsu ɗaya: za mu neme ka. Dugadugan takalmina suka cinye, 'yan layinmu suka laƙaba mini Mai-fayil, Umma ta daina tambayata yadda aka yi, sai dai ta turo mini kwano ta kau da kai. Na zama kamar bishiyar da gara ta ci ta ciki, a tsaye dai, amma iska kaɗan take jira.

Ana cikin haka saƙonki ya shigo: "Ka yi haƙuri, na gaji da jira. Ka nemi wata." Ashe ke ma kina kora? Haka na ce a raina. Na amsa miki da cewa Allah ya haɗa ki da mai aikin yi. Kaico da yatsun da suka rubuta wannan! Da ma sun bushe kafin su taɓa waya!

Bayan wata biyu na ga sanarwa a bangon wani kemis, ana neman masu mayar da muryar likitoci rubutu. Ofishin yana saman kemis ɗin, ɗaki ɗaya, tebur shida, da fanka mai kukan tsohuwar ƙofa. Likita yakan duba mara lafiya ya naɗi bayaninsa da baki, mu kuma mu sa abin saurare a kunne, mu taka feda kamar ta keken ɗinki don tsayar da muryar ko mayar da ita baya, mu buga a kwamfuta. Gwajin farko na faɗi. Shugabar wurin, wata dattijuwa tsohuwar nas da kowa ke kira Mama, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kunnenka mai kyau ne, hannunka ne malalaci. Je ka dawo bayan mako uku." A shekara biyu, ita ce ta farko da ta ce in dawo. Na ari kwamfutar mijin yayata, na buga har yatsuna suka sage, na haddace sunayen cututtuka masu karya harshe. Aka ɗauke ni. Na sa hannu a takardar cewa abin da kunnena ya ji, bakina ba zai faɗa wa kowa ba.

Kina tsammanin na yi murna? Na sauko daga benen nan na ciro waya in kira ki, sai na tuna ba ni da wannan hurumin. Me ruwan sama zai yi wa gonar da aka riga aka ƙone?

Ranar Alhamis da ta wuce, da hantsi, aka turo mini muryar wani likita da muke kira Mai-tari, don ba ya haɗa jimla biyu bai yi gyaran murya ba. Ya yi tarinsa, ya faɗi lambar kati, sai ya faɗi sunanki. Sunanki, da na mahaifinki, da shekarunki, da aikinki. Na taka feda na mayar baya, na sake, na sake, ina roƙon Allah ya sa kunnen da Mama ta yaba ƙarya yake yi. Ya kamata in tsaya nan, ban tsaya ba. Na ji ya ce ƙodojin biyu sun gaza, ana wanke miki jini Talata da Juma'a, ƙafafu sun kumbura, kin zo tare da yayarki. Sai ya faɗi ranar da sakamakon gwajinki na farko ya fito. Kwana uku ne kafin saƙon da kika aiko mini.

Ya sanyin idona! Ashe ba jira kika gaji da shi ba? Ashe kin dubi kayan da ke kaina, kika ƙi ɗora mini naki? Ni ina can ina lasar raunina, ina kiran ki mai gudun talaka, ke kina kwance da allura a jijiya, kina kallon silin!

Na cire abin kunnen na je wurin Mama, na ce na san wannan mara lafiyar. Ta karɓe aikin ta ba wata, ta rufe ƙofa, ta ce, "Mece ce ita a wurinka?" Na zauna a kujerar da ke gabanta. Ta miƙo mini ruwa, ta ce in riƙe amanar da na sa wa hannu. Na riƙe. Ko Umma ban faɗa wa ba. Ke kaɗai nake faɗa wa, mai sirrin, kuma idan kin kai ƙarata aka sallame ni, haƙƙinki ne, ba zan ce uffan ba.

Abin da ya fi ci mini rai, aikin nan ya koya mini ma'anar lambobin gwajin da likitan ya karanto. Da jahilcina na da ne, da na ce sauƙi na nan tafe. Yanzu na san abin da suke nufi, ya tauraruwata, na sani sarai.

Jiya na je aka ɗebi jinina, ko Allah zai sa ƙodata ta dace da jikinki. Nas ɗin ba ta ɓoye mini ba, ta ce ba kasafai ta bare ke dacewa ba. Bare! Ni ne yau bare a wurinki?

Ba zan tako asibitin ba sai da izininki. Na riga na ji abin da ba ki faɗa mini ba, ba zan ƙara da kallon abin da ba ki nuna mini ba. Amma na roƙi Mama ta bar mini safiyar Talata da Juma'a, ta kuma yarda. A waɗannan ranakun zan yi wanka, in sa takalmi, in zauna a bakin gado da waya a tafin hannu. Kalma ɗaya nake roƙo: zo. In ba ta iso wannan Talatar ba, zan sake sa takalmin ranar Juma'a.

Naki a lafiyarki da ciwonki, wanda ba zai nemi wata ba ko sau nawa kika umarce shi, har ranar da za a rufe masa ido,

Mai-fayil ɗinki